Ina janareto yake samo wutar da yake bayarwa, kuma me ya haɗa ta da ƙwayar zarra?

"Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne, a aji an ce mana komai na duniya da ƙwayar zarra aka yi shi, kuma wai wutar lantarki elektiron ne da ke fitowa daga cikin zarrar. To abin da ya ɗaure min kai shine, idan haka ne a ina janareto yake samo waɗannan elektiron ɗin, a cikin fetur suke? Kuma in kullum fita suke daga waya suna ƙonewa a ƙwan fitila, me ya sa wayar ba ta ƙarewa? Don Allah a yi min bayani yadda zan gane."

Wa alaikumus salam ƙanina, amin na gode. Tambayarka uku ce a dunƙule, me ke cikin zarrar, ina janareto ke samo elektiron, sannan me ya hana waya ƙarewa. Bari in ba ka amsar a gajarce tukuna. Janareto ba ya ƙera elektiron ko guda ɗaya, fetur ma bai ba shi ko ɗaya ba, suna nan cikin wayar tun ranar da aka narka jan ƙarfen aka ja shi ya zama waya, shi janareto aikinsa tura su ne kawai. Ƙwan fitila kuma ba ya cinye su, adadin da ya shiga ta waya ɗaya shi ne yake fita ta ɗayar. Abin da ke ƙarewa ƙarfin turawar ne. In ka riƙe wannan da kyau sauran duk bayani ne a kai.

Me ke cikin zarrar

Ka ɗauki guntun jan ƙarfe ka yi ta raba shi biyu, akwai inda za ka kai wanda in ka sake rabawa abin da ya rage ba jan ƙarfe ba ne kuma, toh wannan ƙarshen shi ne ƙwayar zarra. Ƙanƙantarta ta wuce tunani, in ka jera kusan miliyan huɗu na jan ƙarfe a layi ɗaya da ƙyar su cika milimita ɗaya. Tun zamanin Girkawa wani Democritus ya yi hasashen akwai irin wannan abu, amma zance ne na tunani kawai ba gwaji, sai a farkon shekarun 1800 John Dalton a Ingila ya ɗora maganar a kan awo da lissafi. Shi ma ya ɗauka zarra dunƙulalliya ce babu komai a cikinta. A 1897 J.J. Thomson a Cambridge ya gano elektiron, a 1911 Ernest Rutherford a Manchester ya nuna kusan duk nauyin zarra yana tattare a wata 'yar cibiya a tsakiya, bayan an harba wasu ƙwayoyi kan siririn fallen zinare aka ga mafi yawansu sun wuce abinsu kamar babu komai a gabansu amma jefi-jefi ɗaya ya dawo da baya. A 1932 James Chadwick ya ƙara da gano niyutiron.

Saboda haka abu uku ne. A cibiya akwai furoton mai cajin fozitib da niyutiron wanda ba shi da caji, a kewaye kuma elektiron mai cajin negatib. Caji iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna, wannan jan shi ke riƙe elektiron kusa da cibiya. Elektiron ba shi da wani nauyi, sai ka tara kusan 1,836 kafin su kai furoton ɗaya, ita kuma cibiyar ta fi zarrar ƙanƙanta sau dubbai masu yawa, kenan mafi yawan zarra fili ne. Yawan furoton shi ke faɗa maka wane abu ne, haidirojin 1, kabon 6, oksijin 8, ƙarfe 26, jan ƙarfe 29, zinare 79, yuraniyom 92. In yawan elektiron ya yi daidai da na furoton zarrar ba ta da caji, shi ya sa kake taɓa tebur ko cokali ba abin da ke jan ka duk da cike suke da caji.

Inda maganar lantarki ta shigo shine wajen elektiron na can waje. Ba a warwatse suke ba, hawa-hawa suke, na kusa da cibiya an riƙe su gam, na nesa kuma riƙon sako-sako ne. Jan ƙarfe nasa 29 sun kasu 2, 8, 18, sai guda 1 tilo a hawan ƙarshe, kuma idan zarrori suka haɗu suka zama ƙarfe wannan ɗayan ba ya zama wajen uwarsa, yawo yake tsakanin zarrori duk inda ya ga dama. A ɗan guntun jan ƙarfe mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare akwai irin waɗannan 'yan yawon kusan 85 da sifili 21 a bayanta. Roba da gilashi da busasshen katako su ma cike suke da elektiron, sai dai nasu a ɗaure suke ba mai motsawa daga gurbinsa, shi ya sa ake yin cikin waya da jan ƙarfe ko alminiyom a rufe bayanta da roba. Azurfa ta ɗan fi jan ƙarfe iya ɗaukar wuta ma, tsada ce ta hana.

Me ya hana waya ƙarewa

Wayar da ke ajiye ba a jona ta da komai ba elektiron ɗinta suna motsi, amma kowa inda ya nufa daban, ba wani aiki da za su yi. Wutar lantarki ita ce lokacin da wani abu ya tilasta musu su karkata gefe ɗaya gaba ɗayansu. Ƙarfin turawar shi muke aunawa da bolt, yawan waɗanda ke wucewa ta wuri ɗaya a daƙiƙa kuma amfiya, amfiya ɗaya na nufin elektiron kusan 6 da sifili 18 a kowace daƙiƙa. In ka ninka bolt da amfiya ka samu wat, wato aikin da ake yi.

Ka duba sarƙar keke. Kai kake taka feda, tayar baya take juyawa, sarƙar ita ke kai ƙarfin ƙafarka can baya, amma ko ka yi tafiyar yini guda ba ƙwayar sarƙa ɗaya da ta ragu, zagayawa take ta dawo. Wanda ya gaji kai ne. Elektiron su ne sarƙar, janareto ko batir shi ne mai taka feda, ƙwan fitila shi ne tayar. Kuma in sarƙar ta tsinke a ko'ina komai ya tsaya, wannan shi ne aikin makunni, katse zagayen yake. Shi ya sa kowane soket ƙafa biyu ne aƙalla, hanyar zuwa da ta dawowa.

Akwai abin da ke ba ɗalibai mamaki duk lokacin da muka yi lissafinsa a allo. A siririyar wayar 1mm da amfiya ɗaya ke bi, elektiron kusan santimita 30 kawai suke ci a cikin awa guda, tafiyar hawainiya ma ta fi su. Amma kana danna makunni fitila ta kama nan take, saboda wayar dama a cike take, turawar ce ke isa da gudun da ya kusa na haske, elektiron ɗin da ke cikin ƙwan tun farko su suka fara motsi. A wutar gida kuwa, wadda muke cewa AC, ba ma tafiyar suke ba, gaba da baya kawai suke yi, zagaye 50 a daƙiƙa a Turai da Afirka da mafi yawan Asiya, 60 a Amurka. Kenan elektiron ɗin da ke tashar wuta ba zai taɓa zuwa ɗakinka ba har tashar ta tsufa.

Sannan wani ɗan ruɗani da za ka haɗu da shi a littafi, kibiyar da ake zanawa tana nuna wuta na tafiya daga fozitib zuwa negatib, alhali a cikin waya elektiron akasin haka suke bi. Tun zamanin Benjamin Franklin aka sa waɗannan alamomin, fiye da shekara ɗari kafin a san da elektiron, da aka gano gaskiya kuma an riga an saba sai aka bar shi haka, lissafi bai canza ba.

Abin da ke faruwa a cikin janareto

Nan ne zuciyar tambayarka. A 1820 Hans Christian Ørsted a Denmak ya lura idan wuta na bin waya allurar kamfas da ke kusa tana karkacewa, wato wuta na haifar da maganaɗisu. Sai masana suka ce toh in haka ne ko maganaɗisu zai haifar da wuta? An sha gwadawa ana ajiye maganaɗisu kusa da waya shiru ba komai, sai a 1831 Michael Faraday a Landan ya gano sirrin, dole sai da motsi ko canji. Maganaɗisu a ajiye komai ƙarfinsa ba ya ba da wuta, amma da zarar ƙarfinsa da ke ratsa nadin waya ya canza, ko ka matso da shi ko ka janye ko ka juya shi, elektiron ɗin cikin wayar za su ji tura. Ina yawan nuna wa ɗalibai wannan da nadin waya da mita mai allura, ka cusa maganaɗisu allura ta yi dama, ka tsaya cak ta koma sifili, ka zaro shi ta yi hagu. A nan kaɗai ka ga dalilin da ya sa wutar janareto take gaba da baya, in ɓangaren arewa na maganaɗisun ya wuce ta gaban koyil, wato nadin wayar, turawa ta yi nan, na kudu ya zo ta juya.

To janareto inji biyu ne aka haɗa a jiki ɗaya. Na farko injin fetur ko dizal ne irin na babur ko mota, ba ruwansa da lantarki, shi dai ya juya sanda. Na biyu shi ne kan wutar, maganaɗisu a jikin sandar yana juyawa a tsakiyar koyil na jan ƙarfe. Fetur ya ƙone ya zama zafi, zafi ya tura fistin, fistin ya juya sanda, sanda ta juya maganaɗisu, maganaɗisu ya tura elektiron. Ƙaramin janareto mai ba da zagaye 50 yawanci juyi 3,000 yake a minti, manyan na dizal 1,500 saboda nasu maganaɗisun kai huɗu gare shi maimakon biyu.

Abu biyu daga wajen aiki da za su tabbatar maka fetur ba shi ne wutar ba. Sau da yawa ana kawo janareton da ya daɗe a ajiye, ka tayar da shi inji na ƙugi lafiya lau yana shan mai amma soket babu ko bolt biyar. A irin waɗannan ba maganaɗisu na dindindin ba ne a ciki, koyil ne da ake ba wuta ya zama maganaɗisu, kuma yana dogara da ɗan ragowar maganaɗisun da ya maƙale a ƙarfen don ya fara, in ya daɗe a ajiye ragowar na iya gushewa. Mai gyara sai ya ɗan taɓa wa koyil ɗin wutar batir na ɗan lokaci, shikenan wuta ta dawo, ba a canza mai ba ba a canza inji ba. (Kar ka gwada wannan da kanka in ba a koya maka ba, ana ƙona na'urar daidaita wutar ta haka, ana kuma jin ciwo.) Na biyu, ka saurari janareto lokacin da aka jona masa dutsen guga ko hita, za ka ji muryarsa ta yi ƙasa sannan ya ƙara jan mai. Dalili shine wutar da ke bin koyil ita ma tana yin nata maganaɗisun wanda ke turjiya ga juyawar, Heinrich Lenz ya bayyana wannan a 1834. Iya wutar da ka ja iya nauyin da injin zai ji. Saboda haka duk bidiyon da ka gani wai an haɗa injin da wuta ke juyawa da janareto suna juya juna har abada babu mai babu batir, ƙarya ce, akwai batir ko waya a ɓoye, ban taɓa ganin wanda ya tsaya aka buɗe shi a gaban masu aikin ba.

Manyan tashoshi

In ka gane ƙaramin janareto ka gane kusan duk tashoshin duniya, bambancin kawai me ke juya sandar. A madatsar ruwa, ruwa ne ke gangarowa daga sama ta cikin manyan bututu ya bugi farfela, mafi girma ita ce Three Gorges a kan kogin Yangtze na ƙasar Sin mai megawat 22,500. A tashar kwal ana ƙona kwal a tafasa ruwa tururi ya juya farfelar, kuma har yanzu kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar duniya daga kwal yake. A tashar gas iskar da ta ƙone ce da kanta ke juyawa, masu wayo kuma suna tara zafin da ya fita su sake tafasa ruwa da shi, da haka suke kai wa kusan kashi 60 cikin ɗari, alhali tsohuwar tashar kwal wajen kashi ɗaya cikin uku na zafin kawai take mayarwa wuta sauran ya bi iska. Na iska kuma kana ganinsu, fukafukai uku a kan dogon turke.

Nukiliya ce kaɗai ake taɓa cibiyar zarra, kuma ina ganin daga nan ne mutane da yawa ke ɗauka wai duk lantarki fasa zarra ake. A 1938 a Berlin Otto Hahn da Fritz Strassmann suka ga alamar cibiyar yuraniyom na rabewa, Lise Meitner da Otto Frisch suka fassara abin da ke faruwa. Niyutiron ya bugi cibiyar wani nau'in yuraniyom da ake kira 235, ta rabe biyu ta saki zafi mai yawa da wasu niyutiron biyu ko uku, su ma su bugi na gaba. Amma ka san me ake yi da wannan zafin? Ruwa ake tafasawa, tururi ya juya farfela, farfela ta juya maganaɗisu, aikin Faraday dai. Tashar Obninsk ta Tarayyar Sobiyet ta fara ba layin wuta a 1954, Faransa kuma yau wajen kashi biyu cikin uku na wutarta daga nan take samu.

Ita kuma wutar in an samar sai an kai ta nesa, a nan AC ta yi nasara. Tashar Thomas Edison ta Pearl Street a New York a 1882 DC take bayarwa, wato wuta mai bin gefe ɗaya kawai ba gaba da baya ba, kuma ba ta iya kai wa nesa sosai saboda wutar na zama zafi a waya. Asarar tana bin amfiya ne ninki a kan ninki, in ka ɗaga bolt sau goma amfiya ta ragu sau goma asara kuma ta ragu sau ɗari. Taransifoma ke wannan ɗagawa da saukewa, koyil biyu ne a kan ƙarfe ɗaya babu abin da ke juyawa a ciki, amma sai da wuta mai canzawa take aiki. Da tsarin Nikola Tesla da kamfanin Westinghouse aka kai wuta daga Niagara zuwa Buffalo a 1896, yau kuma manyan layuka na ɗaukar bolt dubu 132, dubu 330, dubu 400 har sama, a yi ta saukewa har ta zo 230 ko 120 a soket.

Waɗanda ba sa juyawa

Batir ya riga janareto zuwa, Alessandro Volta na Italiya ya haɗa na farko a 1800 da fallayen tutiya da jan ƙarfe da ƙyalle mai ruwan gishiri a tsakani. Sinadari ɗaya yana son sakin elektiron ɗayan yana son karɓa, sai aka raba su aka ce in za ku wuce sai dai ta waya. Batirin mota ɗaki shida ne na dalma da asid kowanne bolt 2 da ɗan ɗori, na wayar hannu mai litiyom wajen 3.7. In batir ya mutu ba elektiron ne suka ƙare ba, sinadaran ne suka gama canzawa, caji kuma tura su baya ne a mayar da sinadaran yadda suke.

Sola ita ce ta fi burge ni gaskiya, don a nan kana ganin ilimin zarra tsirararsa. Silikon elektiron huɗu gare shi a hawan waje. Sai a ɗan barbaɗa wa ɓangare ɗaya fosfaras mai biyar ya samu rara, ɗaya ɓangaren boron mai uku ya samu gurabe, inda suka haɗu sai wata turawa ta dindindin ta kafu. Haske ya faɗo ya fizge elektiron daga gurbinsa, mahaɗar ta tura shi gefe ɗaya, ya bi waya ya yi aiki ya dawo ta ɗaya gefen. Edmond Becquerel ya fara ganin haske na ba da wuta a 1839, a 1954 masana a cibiyar bincike ta Bell Labs suka yi na silikon mai mayar da kusan kashi 6 na haske wuta, na kasuwa yanzu sun haura kashi 20. Haske take so ba zafi ba, fanel in ya yi zafi sosai wutarsa raguwa take. DC take bayarwa kamar batir, shi ya sa ake sa inbata ta mayar da ita AC irin ta gida.

Iyakar wannan bayanin

Zanen da ke littafinku na elektiron suna zagaya cibiya a kan layi, na Niels Bohr ne na 1913, yana taimakawa wajen fahimta amma sauƙaƙawa ce, a ilimin kwantom, wato fiziks na ƙananan ƙwayoyi irin waɗannan, elektiron ba shi da layi ɗaya da yake bi, yankin da ake sa ran samunsa ake lissafawa. Haka misalin sarƙa, ya amsa tambayarka amma ba zai kai ka ga yadda ƙarfin ke bi ta filin lantarki da maganaɗisu da ke kewaye da wayar ba, wannan sai ka kai lissafin wani masani Maxwell a kan lantarki da maganaɗisu. Ni kuma aikina na injina da wayoyi ne, zurfin maganar cibiyar zarra malamin fiziks ɗinku ya fi ni hurumi a kai.

In kana son gani da idonka, samo siririyar wayar koyil mai fenti, ka naɗa ta sau ɗari biyu ko uku a jikin bututun roba, ka kankare fentin bakin biyu ka jona da mita a ma'aunin milibolt, sannan ka riƙa cusa maganaɗisu mai ƙarfi kana zarowa, na tsohuwar sifika ma ya isa in bututun zai ɗauke shi ko ka riƙa wucewa da shi ta bakin. Ka gwada a hankali ka gwada da sauri, ka ƙara nadin ka sake, ka rubuta abin da mita ta nuna kowane karo. Da batir da maganaɗisu kawai za ka yi wasa, soket ɗin gida kar ka kusance shi, wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba in ta bi ta ƙirji tana iya tsayar da zuciya.